Ƙwaƙwalwa Biyu a Bangon Abba

Shafi na 19

Masu bina da saƙo tun safe wai na bar Aku a tsaye, to ga ta nan, har yanzu a tsayen take. Ke kuma da kika rubuto min cewa "ai Likita gaskiya ya faɗa, kan mace daban ne," na ga saƙonki 'yar'uwa, gyara zama.

*

Ƙarfe uku saura kwata.

Aku ta sake kallon agogon da ke bangon ofishin mahaifinta, karo na nawa ke nan ita ma ba ta sani ba. Fom ɗin shiga sashen injiniyanci na jami'a yana kan tebur tsakaninsu. An cike ko'ina, saura layi ɗaya a can ƙasa, wurin sa hannun uba. Shekararta sha bakwai, ba sa karɓa sai da shi. Ƙarfe huɗu za a rufe karɓar fom, in an rufe kuma sai baɗi.

"Abba, don girman Allah."

Likita bai ɗago ba. Rubutunsa yake a katin wani mara lafiya, gilashi a kan hanci. Shi ne babban likitan kai da jijiyoyi a asibitin nan, mutumin da in ya ce rana ta faɗi, ko tana tsaka sai ma'aikata su kunna fitila.

"Jiya na ce miki a'a. Da safe na ce miki a'a. Ta yamma kika biyo ni ofis ki karɓa?"

"Makina ya fi na Injiniya da huɗu, Abba."

"Dace."

"A gwajin farko ma na fi shi."

"Dace biyu."

Wayarta ta yi ƙara a jaka. Abokin tagwaicinta ne, Injiniya, yana bakin asibiti a kan babur yana jiranta. Nasa fom ɗin tun makon jiya Abba ya sa wa hannu, har da raka shi ya kai. Abu ɗaya ya rubuto mata: "Ya sa?"

Likita ya cire gilashi, ya nuna bango da bakin biro.

"Juya ki duba."

Ba sai ta juya ba, ta san abin da ke bayanta. Hotuna biyu ne a cikin gilashi, baƙaƙe masu zanen toka-toka, irin na cikin kai. Shekara tara ke nan suna rataye a wurin. Ranar da motarsu ta yi karo, ita da Injiniya suna 'yan shekara takwas, duk biyun sun bugu a ka, aka kawo su nan aka saka su a na'ura. Allah Ya tsare, ba a ga komai ba. Da wani uban ne da ya yi hamdala ya jefa hotunan a durowa. Likita kuwa ya ɗaga su a haske, ya daɗe yana kallo, ya fito da sunaye biyu. Namijin ya zama Injiniya. Macen ta zama Aku, wai kanta na surutu ne. Yau ko Umma sai ta ɗan yi tunani kafin ta kira su da sunayensu na gaskiya.

"Na dama," in ji Likita, "kan namiji ne. Lissafi, ƙarfe, auna nisa, haka aka gina shi tun yana ciki. Na hagu naki ne. Magana, tausayi, saurin kuka. Ba aibu ba ne, halitta ce. Irin wannan kan ko shekara goma za ka yi kana ɗura masa lissafi, ɗiban ruwa da kwando kake."

Ko daga barci aka tashe ta za ta karanto wannan huɗubar ba tuntuɓe. Duk ɗalibin da ya ratsa ofishin nan ya sha ta. Baƙin gida sun sha ta. Injiniya har ya iya kwaikwayonta, da yadda Abba ke ɗaga gira in ya zo kan "kwando", su yi ta dariya a kicin. Ita ma dariyar take yi, don in ba ta yi ba sai a ce ga saurin kukan nan.

"Ki karanci harsuna. Ki yi jarida. Ki yi lauya ma in kina so, bakin ai akwai shi, yanzu zan sa miki hannu. Amma ba zan tura ki inda za ki sha kunya shekara biyu ki dawo min gida ba."

"Umma ta ce in kai ka yarda ita ba ta da ta cewa."

"To ban yarda ba."

"Abba..."

"Ina da marasa lafiya. Ja min ƙofar."

Ta ɗauki fom ɗin. Ba za ta yi kuka a gabansa ba. Wallahi ko zuciyarta za ta fashe, ba za ta ƙara masa hujja ba.

*

A baranda ta kasa tafiya, ta kasa tsayawa. Ta nufi matakala, ta dawo. Ta isa ƙofar ofishin, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, ta sauke. Wani tunani ya faɗo mata: ai ta san sa hannun Abba, da wutsiyar nan da yake ja a ƙarshe. Ta yi a'uziyya ta kore shi.

Uku daidai.

"'Yar Likita ce?"

Wani dattijo ne rungume da kwali, kofin shayi da tsofaffin silifas na leƙowa daga ciki. Baba Mai Hoto. Shi ke riƙe da na'urar ɗaukar hoton kai tun kafin a haife ta, yau kuma ita ce ranarsa ta ƙarshe a aiki, da safe ma'aikata suka yi masa ban kwana.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, 'yata. Me ya sami idonki?"

"Babu komai."

"Babu komai ba ya sa ido ja. Mene ne a hannunki?"

Ta miƙa masa don ba ta da ƙarfin ƙi. Ya ajiye kwalin a ƙasa, ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Da ya zo layin da ba kowa a kai sai ya tsaya.

"Ya ƙi?"

Ta gyaɗa kai.

"Saboda me?"

"Saboda hoton da ka ɗauka, Baba." Ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo. "Wai kaina na aku ne."

Dattijon bai yi dariya ba. Fuskarsa ta canza kamar wanda aka yi wa saƙon mutuwa. Ya dubi ƙofar Likita, ya dubi kwalinsa, ya dubi hanyar fita. Taku ashirin ya rage masa ya bar asibitin nan da mutuncinsa.

"Ƙarfe nawa za su rufe?"

"Huɗu."

"Innalillahi. Biyo ni. Yi sauri."

Ɗakinsa ƙarami ne, sanyi kamar cikin firji, da tagar gilashi mai kallon na'urar. Ya durƙusa, ya zaro durowar ƙasa gaba ɗaya, ya zura hannu ta bayanta. Ya fito da wata doguwar ambulan da ta sha ƙura.

"Ɗazu na ce in bar ta a nan, wanda zai gaje ni ya zubar. Ashe Allah bai yarda ba."

Ya kunna allon fitilar da ake duba hoto a kai, ya zaro fim ɗin hoton da ke cikin ambulan ɗin, ya manna.

Ba irin na bangon Abba ba ne. Wannan kai ne sukutum daga gefe, ga ƙashin hanci, ga ƙananan haƙora.

"Kafin na'ura ta fara ɗaukar cikin kai," in ji shi, "sai ta fara ɗaukar kan gaba ɗaya, don mu san daga inda za mu fara. Wannan na mu ne masu aiki, likitoci ba sa tambayarsa. Karanta sunan da ke kusurwa."

Ta matsa kusa.

"Sunan Injiniya ne."

"To dubi nan."

Ya ɗora yatsa a wajen kunne. Wani ɗan abu ne fari fat, mai tsini biyar.

Tauraro.

Hannun Aku ya tafi kunnenta na hagu da kansa. Ɗan kunnen da Abba ya sayo mata daga wata tafiya. Ɗayan ya ɓace a cikin motar ranar, ta yi ta kukansa har ya fi na ciwon.

"Baba... Injiniya ba shi da hujin kunne."

"Na sani."

"To ya aka yi..."

"Zauna."

"Ba zan iya zama ba. Faɗa min a tsaye."

Ya share goshi duk da sanyin ɗakin.

"Namijin aka rubuto min farko, na riga na buga sunansa a na'ura. Aka zo shigar da shi ya ƙanƙame ƙofa yana ihu. Na juya amsa waya. Kafin in waiwayo nas ta kwantar da yaro a gado. Rigar asibiti iri ɗaya, kai naɗe da bandeji har kunne, tsawo ɗaya. Ta bayan gilashin nan me zan gane? Na danna. Na biyu ya shiga, na buga sunanki, na danna."

Sai abin ya dawo mata tar. Ƙamshin magani. Injiniya na kuka da majina. Ita tana riƙe da hannunsa tana ce masa, bari in fara shiga ka ga ba zafi.

"Ni na fara shiga," ta faɗa a hankali.

"Ke kika fara."

"Yaushe ka gane?"

"A ranar. Ina jera hotuna kafin in tashi na ga tauraron."

"A ranar? Baba, shekara tara!"

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Washegari na taho zan faɗa masa, na tarar da shi a tsakiyar ɗalibai yana ɗaga hoton yana cewa ga kan ɗansa. Ke kin san mahaifinki. Kuma musayar suna a hoto laifin kora ne a aikinmu, ina da iyali. Na ce wa zuciyata ai duk kawunan lafiyarsu ƙalau, ba wanda ya cutu." Muryarsa ta karye. "Kullum na shiga ofishin nan sai na kawar da kai daga bangon. Ban san abin zai biyo ki har nan ba, 'yata. Ki yafe ni."

Tausayi da haushi suka taso mata tare. Ba ta da lokacin ko ɗaya.

Uku da minti goma sha biyu.

"Za ka maimaita a gabansa?"

Ya cire fim ɗin daga allon.

"Ai sun riga sun sallame ni. Muje."

*

Ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta tura ƙofar, ta bar ta a buɗe.

"Ke! Wane irin rashin..." Likita ya ga dattijon a bayanta, ya sassauta. "Malam, ba ka tafi ba?"

"Ranka ya daɗe, akwai ajiyarka a wurina."

Aku ta karɓi fim ɗin, ta wuce bayan tebur, ta manna shi a allon fitilar Abba, ta kunna. Bai taɓa ganin ta taɓa kayan aikinsa ba, mamaki ya hana shi tsawa.

"Abba, kan waye wannan?"

Ya mayar da gilashi. Idonsa ya tafi kusurwa, yadda idon kowane likita ke fara tafiya.

"Na ɗan'uwanki. Ranar hatsari. Sai me?"

"Kar ka karanta sunan. Ka dubi kan."

Ya duba. Ya matso. Ya cire gilashin ya goge da gefen riga, ya mayar.



"Datti ne a fim," in ji shi.

"Datti mai tsini biyar?" in ji Aku.

"Malam, mene ne wannan?"

Baba Mai Hoto ya faɗa masa duka, bai rage ba. Yaron da ya ƙanƙame ƙofa, wayar da ya juya amsawa, bandejin da ya rufe kunne. Yana magana yana murza hularsa a hannu.

"Hoton da ke dama a bangonka, ranka ya daɗe, na yarinyar nan ne. Na hagun shi ne na yaron."

"Ƙarya kake!"

"Lambar da ke ƙasan wannan fim ɗin ita ce a ƙasan na damar. Ka gwada."

Likita ya miƙe har kujera ta bugi bango. Ya je gaban gilashin, ya karanta lambar da yatsa, ya dawo ya karanta ta allon. Ya sake komawa. Sau uku yana wannan zirga-zirga, kamar lambar za ta ji kunyarsa ta canza.

"Ka san abin da ka yi? Ka san zan iya sa a..."

"Na sani. Shekara tara ina sane."

"Abba," in ji Aku, "uku da minti ashirin."

"Yi min shiru!"

"Ba zan yi ba. Kai ka sa min Aku."

Ni kaina da nake rubutawa sai da na ajiye waya na tafa mata.

Ta ajiye fom ɗin a gabansa, ta danne shi da tafin hannu.

"Tambaya ɗaya ce, Abba. In hoto ne ke faɗin abin da mutum zai iya, to na damar nawa ne. Kan lissafi, kan ƙarfe, kai ka faɗa, shekara tara kana faɗa. Ka sa hannu. In kuma hoto ba ya faɗin komai, to ba ka da dalilin hana ni. Ka sa hannu."

Gaba kura, baya sayaki. Likita ya dubi fom ɗin.

"Ba haka ilimi yake ba," ya ce daga ƙarshe, muryar ta ragu. "Kuskuren hoto ɗaya ba ya rushe bincike. Akwai bambanci. In aka ɗebi maza dubu da mata dubu aka auna..."

"Ni ba mata dubu ba ce, Abba. Ni kaɗai ce."

"Ranka ya daɗe, in ka ba ni dama," in ji dattijon. "Ni ban yi karatunka ba, na dubu ɗin ban sani ba. Amma shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar kawunan mutane, ɗaya bayan ɗaya. In aka rufe min sunan da ke kusurwa, wallahi ban isa in rantse in ce wannan na mace ne ko na namiji ba. Kai ma a ranar sunan ka fara karantawa. Ina tsaye a bayanka."

Wannan ta shige shi. Ya zauna a hankali.

Ya dubi 'yarsa. Ya daɗe bai yi mata irin wannan kallon ba, kallon da yake wa hoto in ya ga abin da bai gane ba.

"Wa ya koya miki?"

"Me?"

"Lissafin. Ban taɓa zama da ke ba. Ban ɗaukar miki malami ba. A ina kika samu?"

Nan ne hawayen da ta riƙe tun safe ya ci ƙarfinta. Ta bar shi ya zubo, ba ta share ba.

"A kwandon shara."

"Ban gane ba."

"Kullum da yamma kana zama da Injiniya a tebur, awa biyu. Ni a ce in je in taya Umma. In kun tashi ni ke sharar falon. Duk takardar da ya ɓata ka gyara masa da jan biro ya dunƙule ya jefar, ni nake ɗauka. In warware ta, in danne da littafi, in yi lissafin daga farko, in duba inda ka gyara. Rediyon da kuka kwance kuka kasa mayarwa, wanda ka ce Injiniya ya gyara da kansa ka yi ta nuna wa baƙi..."

"Ke ce?"

"Ni ce. Ya roƙe ni kar in faɗa, wai za ka yi fushi da shi. Jan bironka ne ya koya min, Abba. Kai ne malamina. Ba ka dai taɓa juyowa ba ne."

Baba Mai Hoto ya kawar da fuska yana jan hanci.

Likita ya dubi biron da ke hannunsa. Ya jawo fom ɗin. Ya nemi layin, ya rasa, sai da ta nuna masa da yatsa.

Ya sa hannu, har da wutsiyar.

"Tafi," ya ce, bai ɗago ba. "Yi sauri."

Uku da minti talatin da biyu. A mota awa guda ce saboda cunkoson tashi daga aiki. A babur minti ashirin, in Injiniya ne ke tuƙi.

Ta fizgi takardar, ta juya da gudu.

Ta yi turus.

*

Injiniya ne a bakin ƙofa, hular kwano a hannu ɗaya, makullin babur a ɗayan. Ya gaji da jira ya hawo. Tun yaushe yake tsaye a nan, fuskarsa ta ba da amsa.

"Ya sa, Injiniya! Ya sa! Muje!"

Bai kalle ta ba. Bango yake kallo. Na hagu.

"Wannan ne nawa?"

Ya juya ga dattijon.

"Baba Mai Hoto, tambayarka nake. Wannan ne nawa?"

"Shi ne, ɗana."

Ya shigo a hankali, ya tsaya a gaban hoton da ya shekara tara yana yi wa dariya a kicin.

"Magana," ya ce. "Tausayi. Saurin kuka." Ya ɗaga gira, daidai yadda Abba ke yi. "Kwando."

"Injiniya, don Allah, a hanya ma yi maganar, lokaci..."

"Ka tuna, Abba? Shekarar farko kullum sai na yi kuka a teburin nan. Na ce maka ba na ganewa, kaina ciwo yake. Ka ce ƙarya nake, ka ga cikin kaina da idonka, lissafin yana nan a kwance, lalaci ne kawai. Na yarda da kai. Duk jarrabawar da na shiga, in tsoro ya kama ni, hoton can na dama nake tunawa. In ce ai Abba ya gani."

"Ɗana, zauna mu..."

"Ba zan zauna ba. Makin da na ci nawa ne ko ba nawa ba ne? In kwando ne kaina, ya aka yi ya riƙe ruwa? In kuma ba kwando ba ne, me ka gani a ranar da ya sa ka ture ta ka ɗauke ni?"

Likita ya dafe tebur da hannu biyu.

Aku ta kama hannun rigar ɗan'uwanta.

"Ni na fara shiga saboda kai. Ka tuna? Na ce bari in fara ka ga ba zafi. Yau kai nake roƙo. Saura minti ashirin da biyar."

Idonsa ya ciko. Ya dube ta sau ɗaya, ta ga yaron nan mai ƙanƙame ƙofa.

Sai ya zare hannunsa. Ya miƙa shi bango, ya ciro hoton hagu daga ƙusa, ya ajiye shi a gaban mahaifinsu, a daidai inda fom ɗinta ya tashi.

Ya jefa makullin babur a aljihu.

"Ba inda za ni, Abba. Ɗaga shi a haske. Yanzu ka san na waye. Sake karanta min shi."